Zakkar Fadama: Buhu na Goma da Shekarar Ambaliya a Ƙasar Haɗejiya

A ƙasar Haɗejiya, a masussuka ake fara lissafin zakka. Idan an yanke shinkafa an buge ta, an sheƙe, an ɗura a buhuna, manomin da ya taso a hannun dattawa yakan tsaya ya ƙidaya daga ɗaya har zuwa tara, na goman ya sa a jingine masa shi gefe. Haka kakanninsa suka yi da damin gero da na dawa tun kafin a san buhu. Wannan na gefen ba ya shiga rumbu, ba ya hawa motar dillali, uwargida ma ba ta ɗiba ta yi tuwo da shi. Haƙƙin wasu ne da Allah ya biyo da shi ta gonarsa.

Abin da ya dame ni shi ne inda buhun nan yake zuwa idan ya bar masussuka, da watan da yake isa, da abin da yake iya tsare wa gidan da ya shiga. Ƙasar da ake wannan ƙidaya tana cikin wuraren da suka fi albarkar noma a Arewa, amma tana cikin jihar da talauci ya yi wa katutu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi kan rayuwar iyalai a 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da ma'aunin talauci. Sakkwato da Taraba ne kawai suka ɗara ta, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Wanda ya ga tireloli suna lodin shanshera da alkama da riɗi, ya kuma leƙa kasuwar kifi ta Haɗejiya, zai yi mamakin wannan adadi. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen bakin kogi a watan Agusta ba zai yi mamaki ba.

Kogin da ke bayarwa, ya kuma karɓe

Daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa ne Kogin Haɗejiya yake tasowa. Yakan ratso Wudil da Ringim, idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai yashi, ya rarrabu gida-gida, ya malala cikin fadamu da tafkuna har zuwa Nguru. Daga baya ya haɗu da ruwan Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Masarautar Haɗejiya ƙananan hukumomi takwas ce: Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kiri Kasamma, Birniwa, Malam Madori da Kaugama. Wasunsu ruwa ne rayuwarsu, wasu kuma yawancin ƙasarsu tudu ce ta gero da riɗi da wake. A riƙe wannan bambanci, domin za mu dawo kansa.

A da, ruwan yana da lokacinsa. Ya cika da damina, manomi ya yi shinkafa, masunci ya yi su, ya janye da rani ya bar danshi a shuka wake, ya bar ciyawa ga makiyayi. Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya wannan tsari. Ruwa ya koma gudana a wasu magudanan duk shekara, laka ta taru, ciyawar kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ya zamana wani gari gonakinsa suna cikin ruwa rani da damina, wani garin kuma a gabansa yana jiran ruwan da bai iso ba. Kacalar nan ita ce kuma makwancin tsuntsayen janbaki da ke sauka kan shinkafa da gero kamar hadari. Ga ambaliya: ta 2018, ta 2020 da ta 2022 duk sun ci gonaki da gidaje a wannan yanki, kuma mutanen Haɗejiya ba su manta da dararen da matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga ba.

Duk da haka noman rani ya bunƙasa. Aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo ya buɗe dubban kadada, injinan ban ruwa sun cika bakin kogi, kuma a nan yankin ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023. Dukiya tana fitowa daga ƙasar nan. Matsalar ita ce dare ɗaya ya isa ya mayar da mai buhu hamsin mai neman tiya.

Daga hannun Sa'i zuwa kwamitin fada

Tara zakka a hukumance ba baƙon abu ba ne a nan. A zamanin Daular Usmaniyya akwai jami'in da ake kira Sa'i, wanda aikinsa bin gonaki da garkuna ya karɓi haƙƙin Allah, kuma har yau sunan yana nan a matsayin sarauta a wasu fadodin Arewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki harajin zalunci da sarakunan da suka gabace shi suke ɗora wa talakawa, ya bambanta shi da abin da shari'a ta wajabta. Da Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, a ranar da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi, sai tsarin harajinsu ya haɗiye zakkar hatsi, aka cakuɗa ta da kuɗin ƙasa ta koma haraji. Manomi mai tsoron Allah ya ci gaba da biyan haraji ga hukuma, ya kuma fitar da zakkarsa daban ya kai wa malaminsa da 'yan uwansa mabuƙata. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulkin tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Haɗejiya tana cikinta, amma al'adar mutum ya raba zakkarsa da hannunsa ta riga ta zauna.

Bayan dawo da shari'a a jihohin Arewa daga 1999, kowace jiha ta bi tata hanyar. Zamfara ta kafa hukumar zakka da wakafi, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ma ta mayar da kwamitinta cikakkiyar hukuma. A Jigawa nauyin ya fi sauka a kan masarautu biyar, wato Dutse, Haɗejiya, Kazaure, Gumel da Ringim. Kwamitin Dutse ya yi suna a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi. Masarautar Haɗejiya, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje wanda ya hau gadon sarauta a 2002, ita ma tana da nata kwamitin, da ke tarawa ta hannun hakimai da dagatai da limamai, a raba a gundumomi.

Ni ina ganin wannan tsari yana da wani ƙarfi da ofishin gwamnati ba zai samu cikin sauƙi ba. Bulama ko mai unguwa ya san gonar kowa. Ya san wanda ya ɗebi buhu sittin, ya san matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar, ya san dattijon da kunya ba za ta bar shi ya miƙa hannu ba. Rauninsa ma a nan yake, domin wanda ya san kowa yana da nasa, yana kuma da wanda yake jin nauyi.

Abin da littafi ya ce, da abin da fadama ta kawo

Hukuncin zakkar hatsi a mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, a fili yake. Nisabi shi ne wusuƙi biyar, wato sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. A awon yau ya kai kimanin kilo 650, kusan buhu shida da rabi na mai kilo ɗari. Shinkafa ana lissafa ta da ɓawonta, don haka shanshera ma tana shiga awo yadda take. Abin da aka biya masu yanka da masu bugu daga cikin amfanin shi ma ana saka shi a lissafi. Idan ruwan sama ko malalar kogi ne ya shayar da gona, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Idan da wahala da kashe kuɗi aka shayar, ɗaya bisa ashirin. Manomin da ya sami buhu arba'in da damina zai ba da huɗu, maƙwabcinsa da ya sami arba'in da injin ban ruwa zai ba da biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur na inji ya ninka, wannan sassauci ya ƙara bayyana hikimarsa.

Akwai wani hukunci da ke yi wa manoma nauyi: a Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar hatsi ko ta dabbobi. Wanda ya ci bashin taki da iri da mai, ya yi alkawarin biya da kaka, sai ya fitar da zakka daga dukkan abin da ya girbe kafin mai bashi ya ɗauki nasa. Da yawa a nan suke tuntuɓe. Wasu malaman wasu mazhabobin sun yarda a cire bashin da aka ci domin gonar kafin a auna. Ya kamata malamanmu su riƙa zama da manoma kan wannan a lokacin girbi, a yi magana da harshen buhu da tiya, maimakon a bar ta sai wa'azin azumi.

Sai kuma kayan lambu. Tattasai, tumatir, albasa da kankana suna cikin manyan abubuwan da fadamar nan ke fitarwa, amma a Malikiyya babu zakka a kan su kansu, sai dai a kan kuɗin da aka sayar idan ya kai nisabi ya kuma shekara. Imam Abu Hanifa yana ganin duk abin da aka noma don amfani akwai ushuri a kansa, kuma Sheikh Yusuf al-Ƙardawi ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafinsa na fiƙihun zakka. A aikace, mai buhun gero bakwai yana fitarwa ranar sussuka, mai lodin tattasai mota guda kuma yana iya juya kuɗinsa ya kashe kafin shekara ta zagayo. Kifi ma haka, ba a zakkar sa da kansa, sai ta fuskar kasuwanci ga dillalin da jarinsa ya kai. Ba ni da hurumin fatawa. Amma na san a ƙasar da kaso mai yawa na arzikinta ya koma lambu da kamun kifi, wannan tambaya ta cancanci malaman masarauta su zauna a kanta su fitar da matsaya da kowa zai ji.

Shekarar da masu bayarwa suka koma masu karɓa

Nan ne gizo ke saƙar. Zakkar hatsi tana bin amfanin gona. Abin da ruwa ya cinye kafin a girbe babu zakka a kansa. Saboda haka a shekarar ambaliya, lokacin da mabuƙata suka fi yawa, a lokacin ne abin da za a tara ya fi ƙaranci. Garin da bara ya tara buhu ɗari biyu, bana manomansa ne a makarantar firamare suna gudun hijira. Idan tsarin shi ne zakkar kowane gari ta tsaya a garin, to garin da ya nutse ba shi da komai.

Asalin hukunci shi ne a raba zakka a inda aka karɓe ta. Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Mu'azu ɗan Jabal da ya aike shi Yaman, a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Malaman Malikiyya sun ɗauki duk abin da bai kai nisan ƙasaru ba a matsayin wuri ɗaya, sun kuma yarda a kai ta nesa idan mutanen can sun fi tsananin buƙata. A nan bambancin tudu da fadama yake zama rahama. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya ci shinkafar Auyo da Guri da Kiri Kasamma, sau da yawa geron tudu a Birniwa ko Kaugama yana iya yin kyau. Shekarar fari kuma, mai tudu ne ke kallon sama, mai fadama yana da inji da kogi. Mutum ɗaya da ke raba zakkarsa a ƙofar gidansa ba zai iya daidaita wannan ba. Kwamitin da ke kallon ƙananan hukumomi takwas zai iya. A ganina wannan ita ce babbar hujjar a kai wa kwamiti zakka, ko da wani kaso nata ne, kuma ita ce hujjar da ba a cika faɗa wa manoma ba.

Tiya ɗaya ga kowa, ko buhu biyar ga gida ɗaya

A ɗauka gunduma ta tara buhu ɗari. Buhu yana ɗaukar kusan tiya arba'in. Za a iya tara mutum dubu huɗu a ba kowa tiya ɗaya, a yi taro, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida ya ci kwana biyu. Za a iya kuma zaɓar gida ashirin a ba kowanne buhu biyar, abin da zai ƙetarar da su damina ba tare da sun sayar da akuya ko sun jinginar da gona ba. Zaɓin yana da ciwo, domin wanda ya kwana da yunwa yau tiyar nan rayuwa ce a wurinsa, kuma tsoho ko gurgu da ba ya iya noma abinci yake buƙata. Amma fiƙihu bai tilasta a yayyafa zakka kamar gishiri ba. Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi. Shafi'iyya sun wuce nan, suka ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa ya tsaya da ƙafarsa.

Kayan aiki a fadama sanannu ne: injin ban ruwa da tiyo, irin alkama ko na shinkafa, kwalekwale da koma, tunkiya biyu ko uku ga mace mai kiwo a gida, tukunyar turara shinkafa ga matan da ke wannan sana'a. Manomin da ambaliya ta cinye daminarsa a watan Satumba yana da dama ɗaya ta farfaɗowa, wato noman rani da ake shiga a Nuwamba. Idan ya samu iri da mai a wannan tsakanin, zuwa watan Maris ko Afrilu yana yankan alkama, watakila ma ya fitar da tasa zakkar. Idan bai samu ba, sai bashin ba-da-kaka, inda zai karɓi kuɗi kaɗan yau ya biya da buhu a farashin da mai kuɗi ya yanka. Daga nan sai jinginar gona, daga nan sai ƙwadago a gonar da a da tasa ce, ko ci-rani. Haka gida yake gangarawa, mataki-mataki.

Cikin rukunai takwas da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60 akwai waɗanda bashi ya yi wa nauyi. Wannan rukuni kamar an manta da shi a wurin rabo. Fanso gonar da aka jinginar saboda ambaliya yana iya fin buhun masara goma amfani ga gidan.

Akwai kuma rukunin ma'aikatan zakka, wanda shari'a ta ba su rabo. Wasu suna ƙyamar a ce an biya magatakarda ko an yi hayar mota daga zakka, alhali aikin sa kai ba ya riƙe littafi shekara goma. Ana buƙatar sito da ƙwari da danshi ba za su ɓata hatsi ba, da rasit ga duk wanda ya kawo, da takardar da za a karanta a masallacin Juma'a: garin nan ya tara kaza, an ba gida kaza, an aika kaza zuwa gari kaza. Manomin da ya ji lissafi da kunnensa zai ƙara kawowa baɗi. A kuma sa mata masu mutunci cikin masu tantancewa, domin su ne ke shiga cikin gida su ga tukunyar da ba a ɗora ba. Ina roƙon masu rabo su rage jera talakawa a rana gaban kyamara. Haƙƙinsu ne ake ba su, bai kamata su biya shi da mutuncinsu ba.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni da lissafi suka yi nisa. Hukumar zakka ta jihar Selangor a Malesiya da hukumar BAZNAS ta Indonesiya, wadda aka kafa a 2001, suna wallafa abin da suka tara da yadda suka kashe, suna kuma da shirye-shiryen jari ga manoma da masu kiwo da nufin mai karɓa ya koma mai bayarwa. Tasu zakkar yawancinta kuɗi ne na albashi da kasuwanci. Tamu a nan hatsi ce da dabbobi, tana da nauyi, tana lalacewa, tana zuwa a kakarta, don haka kwaikwayo kai tsaye ba zai yi ba.

Iyakar abin da zakka za ta ɗauka

Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun fara da kawar da talauci da yunwa, kuma an yi ta taruka kan gudummawar da zakka za ta bayar. Tana da gudummawa, amma kada a ɗora mata kayan da ba nata ba. Yashe kogi, sare kacala, gina jinga mai ƙwari da tsara yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa aikin gwamnati ne da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Yawancin malamai ma ba su yarda a gina hanya ko masallaci da zakka ba, domin sharaɗinta a mallaka wa mabuƙaci. Abin da ake so ya dawwama, ƙofarsa wakafi ce. Sayyidina Umar ya yi wakafi da gonarsa ta Khaibar, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Attajirin da ke da kadada hamsin a fadama zai iya ware biyu ya ce amfaninsu na marayun garin ne har abada, a rubuta a gaban alƙali domin kada magada su taso daga baya.

Sai batun lokaci, wanda ba ya buƙatar ko sisin gwamnati. Al'adarmu ta ɗaure zakkar hatsi da kaka, lokacin da abinci ya fi araha kuma kusan kowane gida yana da ɗan abin taɓawa. 'Yan kasuwa kuma sun fi fitar da tasu a watan azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa da rani. Amma yanzu ƙasar Haɗejiya girbi biyu ko uku take yi. Alkama tana shigowa a Maris da Afrilu, shinkafar rani a Mayu da Yuni, daf da watannin da rumbuna ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada, kogi ya fara cika. Zakkar rani, ko da ɗaya bisa ashirin ce, ita ce ke zuwa a kan gaɓa. Ba sai an ɓoye ta a sito ana jiran bala'i ba, abin da malamai ba sa so saboda jinkirta haƙƙi. A karɓe ta a masussuka a miƙa ta nan take ga gidajen da aka san damina za ta matse. Kowane bulama a Guri da Kiri Kasamma ya san gidajen da ruwa kan fara ci a garinsa. Sunayen gidajen nan ake buƙata a littafin kwamiti tun watan Yuni, lokacin da motocin shanshera ke fita daga Auyo.